Wane Kifi, Wane Ƙarfe, Kuma Nawa?

Ba a jimawa sai maganar ta sake tasowa. Wani zai naɗi muryarsa ya saka a WhatsApp, ya ce masana sun gano ƙarafa masu guba a cikin kifin ƙanƙara, su ke kashe ƙoda, su ke kawo kansa, ya rufe da roƙon duk wanda ya ji ya tura wa 'yan'uwa Musulmi. Kafin la'asar saƙon ya zaga wayoyin matan aure daga Kwarbai zuwa Limancin Kona. Mai tuyar kifi a Babban Dodo ya ga ciniki ya ja baya kwana biyu, uwargida ta cire kifi daga cefane ta koma wa wake, daga nan a manta, sai ranar da wani ya sake tono saƙon ya tura shi kamar sabo.

Uwar da ke ciyar da yara biyar tana da hakkin ta damu da abin da ke shiga tukunyarta. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake tsayawa a kan "an gano", kamar da an faɗi haka an gama shari'a. Na'urorin gwaji na yau suna iya tsinto kashi ɗaya cikin biliyan. In aka kai musu geron Giwa, ko ruwan rijiyar gidanku, ko gashin kan wanda ya naɗi saƙon, za su gano ƙarafa a ciki, domin ƙarafan nan a cikin ƙasa da ruwa Allah ya halicce su tun kafin a gina masana'anta ko ɗaya. Tambayoyin da ke da amfani su ne: wane ƙarfe ne, nawa aka samu a kilo guda, a wane sashe na jikin kifin, kuma nawa mutum ke ci a mako. Saƙon da bai amsa waɗannan ba bai faɗi komai ba.

Da yawa daga abin da ake lissafawa a takardun bincike abinci ne jiki ke nema ido rufe. Sinadarin ƙarfen da ke gina jini shi ne dai ƙwayar da ake bai wa mai juna biyu in ta je awo a asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan. Zink shi ake haɗa wa yaro mai gudawa tare da ruwan gishiri da sukari. Kalsiyom na ƙashi da haƙori ne, kuma mai tauna ƙayar kifin gwangwani shi yake samu. Akwai seleniyom, akwai aidin, wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo da dakushewar ƙwaƙwalwar yara. Mu da muke nesa da bakin teku, ƙarancin aidin tsohuwar matsalarmu ce, shi ya sa tun farkon shekarun 1990 aka wajabta sa shi a gishirin da ake sayarwa a Nijeriya, kuma kifin teku na cikin 'yan abincin da ke zuwa da shi a jikinsa. Mai bincike yakan jera waɗannan duka a jadawali ɗaya tare da masu gubar, wanda bai san kan abin ba ya karanta ya ce an samu ƙarafa goma a kifi.

Masu gubar da ake sa wa ido huɗu ne: zaiba, dalma, kadmiyom da asanik. Asanik ɗin kifin teku yakan ba da lamba mai firgitarwa a takarda, amma mafi yawansa wani nau'i ne da jiki ba ya riƙewa, cikin 'yan kwanaki ya fita ta fitsari. Mai haɗarin shi ne wanda ke cikin ruwan rijiyoyin wasu ƙasashe kamar Bangaladash. Kadmiyom yakan taru a hanta da ƙodar kifi da cikin su kaguwa da dodon koɗi fiye da tsoka, kuma mai shan taba ya fi samun sa daga sigarinsa. Dalma kaɗan ce ke zama a tsokar kifin teku. Wadda ta cancanci a zauna a kanta ita ce zaiba.

Zaiba ita ce ruwan ƙarfen nan mai sheƙi da masu haƙar zinariya ke kama gwal da shi. In suka gama sai su ƙona ta, ta bi iska. Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ƙananan masu haƙar zinariya su ne kan gaba a duniya wajen sakin zaiba a sararin sama, masu ƙona kwal na biye da su. Ke nan dazuzzukan Birnin Gwari da na Zamfara suna da nasu kason a abin da ke sauka cikin teku. In ta sauka a ruwa, wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su juya ta zuwa wani nau'i da ke manne wa tsoka, ba ya saurin fita.

A nan ne mutane ke ruɗewa, don suna zaton duk kifin da ya sha ruwan teku ɗaya gubarsa ɗaya ce. Ɗauki jikin kowace halittar ruwa kamar asusun yumɓu, wanda abin da aka jefa ciki ba ya fitowa. 'Yan tsirarun halittun da ke yawo a saman ruwa kowannensu kwabo ɗaya ne a asusunsa. Ƙaramin kifi ya haɗiye dubbansu, ya juye kwabbansu a nasa. Wanda ya fi shi girma ya cinye ƙananan kifaye ɗari-ɗari, ya fasa asusunsu duka ya zuba a nasa. Babban mafarauci irin kifin shak, ko kifi mai takobi, ko ƙatuwar tuna, shekara goma ko ashirin yake yi yana fasa asusun wasu, nasa kuwa ba wanda ya taɓa sai ranar da ɗan Adam ya ɗora shi a wuta. Saboda haka abu biyu ke nuna nauyin asusun kifi: me yake ci, kuma shekara nawa ya yi yana ci.

To wane kifi ke isowa Zariya? In ka leƙa ɗakunan ƙanƙara na Sabon Gari, inda masu teburin Tudun Wada da na kasuwar Amaru ke saro kwali, abin da za ka tarar shi ne sukumbiya, wadda 'yan kasuwa ke kira taitus, sai kote, sai shawa, sai fanla. Ana kamo yawancinsu a tekun Atilantika, jiragen ruwa su kawo su Legas daga ƙasashe irin su Nowe, Holan, Rasha da Muritaniya, saboda ƙasar nan tana buƙatar kusan tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, abin da take samarwa kuma bai wuce kashi ɗaya cikin uku na hakan ba. Kusan dukkansu ƙananan kifaye ne masu yawo garke-garke, suna cin ƙananan halittu, suna can ƙasan jerin masu fasa asusu. Talauci ne ya zaɓa mana su, don su ne masu araha, sai aka yi dace su ne kuma masu ƙarancin zaiba.

Ga lambobin. Awon da Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta tara na shekaru ya nuna sukumbiyar arewacin Atilantika tana ɗauke da kimanin miligiram 0.05 na zaiba a kowane kilo, sardin kuma bai kai 0.02 ba. Shak da kifi mai takobi suna dab da miligiram 1, wato ninki ashirin na sukumbiya. A 2003 kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma ya ƙayyade abin da jiki zai iya ɗauka a mako: maikurogiram 1.6 ga kowane kilo na nauyin mutum, kuma sun yi lissafin ne da ɗan tayin da ke ciki a ransu, don shi ya fi kowa rauni. Matar da nauyinta ya kai kilo 60 tana da maikurogiram 96 ke nan a mako. Kafin ta cike wannan da sukumbiya sai ta ci kusan kilo 2 na zallar tsoka, ita kaɗai, kowane mako. A wane gida ne cikin ganuwar Zazzau ake wannan shagali? Kifi ɗaya ake yankawa gida biyar a jefa a miya, yara su yi ta rabon ido. Da shak ne kuwa, yanka ɗaya mai giram 100 ya cike mata ma'aunin mako. Wani abin da ke ƙara rikita masu karanta gargaɗin Turawa a intanet shi ne akwai wata ƙatuwar 'yar'uwar sukumbiya a tekun Amurka, tsawonta ya fi kamu biyu, zaibarta ta haura miligiram 0.7, wadda ake hana masu ciki ci. Sunansu ɗaya a bakin Bature, amma ba ita ce ke cikin kwalin Sabon Gari ba.

Ba wai zaiba abin wasa ba ce. A garin Minamata na Japan, masana'antar Chisso ta yi shekaru tana zuba dagwalonta a gaɓar da masunta ke kamun kifi. Kyanwoyi suka fara tangaɗi suna faɗawa ruwa, a 1956 likitoci suka tabbatar da cutar a jikin mutane: hannu na karkarwa, gani na ƙanƙancewa, magana na sarƙewa, ana haifar yara da naƙasar ƙwaƙwalwa alhali iyayensu mata ba su nuna wata alama ba. Ba a daina zubar da dagwalon ba sai 1968, kuma fiye da mutum 2,000 gwamnati ta amince a hukumance cewa cutar ta kama su. Amma zaibar da aka auna a kifin wannan gaɓa ta kai miligiram gommai a kilo, mutanen kuma shi suke ci safe da yamma. A ɗaya gefen, tun ƙarshen shekarun 1980 masana ke bin yaran tsibirin Seshel, inda a lokacin mata masu ciki ke cin kifin teku kusan sau goma sha biyu a mako, ba su ga wata tabbatacciyar illa a ƙwaƙwalwar yaran ba. A tsibiran Faro, inda ake cin naman dabbar whale mai tara zaiba da yawa, an ga 'yar illa. Taron masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma a 2010 ya yanke cewa ga yawancin kifaye, amfanin da man kifi ke yi wa ƙwaƙwalwar jariri ya rinjayi haɗarin zaiba. Mai cikin da ta bar sukumbiya saboda saƙon waya ta yi asara, ba ta kuma tsere wa komai ba.

Su kuma masu cewa a wanke da lemun tsami da ruwan zafi, ko a soya har ya yi ƙarau, gubar za ta mutu, su san ƙarfe ba ƙwayar cuta ba ne da wuta ke kashewa. Zaiba a cikin tsokar take, suya ruwa kawai take korewa. Lemun tsami maganin ƙarni ne. Abin da ke da ɗan amfani shi ne cire kayan ciki da abin da ke ƙarƙashin kunnen kifin, don nan kadmiyom da dalma suka fi maƙalewa.

Wani tushen firgicin daga cikin gida yake. Zariya garin jami'a ce, kowace shekara ɗalibai kan sayi kifi a kasuwa su kai ɗakin gwaji don aikin kammala digiri, wasu a buga su a mujallu. Aikin yana da kyau, amma karanta shi yana son natsuwa. Akan busar da kifin a niƙa kafin a auna, alhali kaso mafi girma na jikin ɗanyen kifi ruwa ne, don haka lambar busasshe takan ninka ta ɗanye sau uku zuwa biyar. Iyakokin da hukumomi suka sa, kamar miligiram 0.3 na dalma a kilo da hukumar ma'aunin abinci ta duniya, Codex, ta ƙayyade, a kan ɗanyen kifi aka gina su. Wanda ya gwama lambar busasshe da iyakar ɗanye zai ce an wuce ƙa'ida ko da ba a wuce ba. Wani kuma hanta ya auna, aka ruwaito kamar tsoka ce. Sannan kifi uku daga tebur ɗaya a rana ɗaya ba sa wakiltar jirgin ruwa guda, balle teku. Dalma kuwa, da yake tana cikin ƙurar gari, tana iya shiga samfurin daga wuƙa, ko turmi, ko ruwan da aka wanke kwalba. Duk sakamakon da ya nuna lamba mai yawa ya cancanci a sake gwada shi a wani ɗakin gwajin kafin a kai shi kasuwa.

Akwai masu cewa su dai sun koma wa kifinmu na gida, tarwaɗa da karfasa, wanda suka san asalinsa. Madalla, in dai sun san ruwan da ya fito. Kubanni tana ratsa Samaru, ta bi tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada kafin ta faɗa Galma, tana kwashe da ruwan kwatami, da baƙin man gareji, da ruwan batir, da duk abin da damina ta wanko daga juji. Malaman Jami'ar Ahmadu Bello sun sha auna ƙarafan da ke cikin lakarta da ganyayen da ake nomawa a bakinta. Ƙaramin rafin da gari ya kewaye ya fi tsakiyar Atilantika saurin gurɓata, tarwaɗa kuma a cikin laka take kiwo. Ta gidan gona da aka kiwata da ruwan burtsatse lissafinta daban ne.

In dalma ake tsoro, to an bar jaki ana dukan taiki. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara irin su Dareta da 'Yargalma, yara aƙalla 400 suka rasu saboda ana niƙa dutsen zinariya mai dalma a tsakar gida, suna shaƙar ƙurar suna cin ta da hannu. A 2015 abin ya maimaitu a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi. Ba kifi ko ɗaya a labarin. Kusa da mu kuma, kwallin dutse da ake ranbaɗa wa jarirai tun ranar suna, mafi yawansa dutsen dalma ne aka niƙa. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da dalma ta yi yawa a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Tukwanen da maƙera ke zubawa daga tarkacen inji da sauran ƙarafan gwangwan, wani bincike a Kamaru a 2014 ya nuna suna iya sakin dalma cikin abinci. Ga masu fasa tsohon batirin mota a cikin unguwa, yara na wasa a gefe. Ita dalma, masana sun janye iyakar da suka taɓa sa mata tun 2010, don ba su samu adadin da za a ce ba ya taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba. Zaiba ma, matar da ke shafa man bilicin marar rajista dare da rana tana iya kwasar abin da kifin shekara ba zai ba ta ba.

Shi kansa kifin ƙanƙara yana da aibinsa, sai dai a hanya yake samo shi. Ƙa'ida ita ce ya zauna a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili tun daga jirgi har hannun mai saye. Tirela ta lalace a hanyar Mokwa, ko wuta ta ɗauke, ko mai ɗakin ƙanƙara ya kashe janareta da dare don tsimin gas, kifi ya saki, da safe a sake daskarar da shi. A ƙarshen Oktoban 2024 yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu, kowa ya ƙiyasta halin da kwalayen kifi suka shiga. Sukumbiya da danginta in suka ji ɗumi, ƙwayoyin cuta kan haifar da wani sinadari mai suna histamin a tsokarsu, kuma suya ba ta kashe shi. Mutum ya ci, kafin awa guda fuska ta yi ja, jiki ya ɗau ƙaiƙayi, kai ya sara, zuciya ta riƙa bugawa, wani har da gudawa. Sai a ce borin jini ne, kifi bai karɓe shi ba, alhali kifin ne ya kwana a zafi. A nan ido da hanci suna iya taimakawa: cikin da ya fashe, tsokar da in ka danna ba ta dawowa, jini da ruwan da suka daskare a gindin kwali, ɗanɗano mai yaji-yaji a harshe. Kifin da ya wuni a tebur cikin ranar Afrilu ana kora masa ƙuda, na yamma ba daidai yake da na safe ba. Kifin banda kuma, abin tambaya a kansa shi ne fiya-fiya da Sniper da wasu ke fesawa don ƙwari, Sniper ɗin ma a 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni.

Abin takaicin shi ne garin nan bai rasa kayan aikin da za a kashe wannan gardama ba. A Cibiyar Binciken Makamashi ta jami'a akwai ƙaramar na'urar nukiliya da ta fara aiki a 2004, kuma babban aikinta shi ne tantance sinadaran da ke cikin ƙasa, da tsirrai, da abinci. A Basawa akwai cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, NARICT. NAFDAC na da ɗakin gwaji a Kaduna, tafiyar awa ɗaya. Amma abin da ke isa kunnen matar da ke tsaye gaban mai kifi a Amaru ba ya wuce gargaɗi na gama-gari in wani abu ya faru, sai kuma muryar wancan mutumin na WhatsApp, wanda shi ko ba komai da Hausa yake magana. Ba wani abu mai tsada ba ne jihar Kaduna ta ware kuɗin da za a riƙa ɗibar samfur daga ɗakunan ƙanƙarar Sabon Gari, da masuntan Galma, da dilolin banda, duk bayan wata uku, a auna, a karanta sakamakon a gidajen rediyon Zariya: sunan kifin, inda ya fito, miligiram nawa aka samu, nawa ce iyaka. A sa ma'aunin zafi a ɗakunan ƙanƙara, jami'in duba-gari ya riƙa leƙawa ba tare da sanarwa ba. In za a tafi ɗakin gwajin kuma, a haɗa da tandun kwalli da tukunyar maƙera a cikin kayan, don a nawa lissafin sakamakonsu zai fi na sukumbiya tayar da hankali.